Cinikin Bakin Ƙofa

Tela ne ya fara taya cinikin. Da hantsi ne, yana zaune a bayan keken ɗinkinsa, ya miƙe ƙafar dama a kan buhun ƙyallaye domin ta daina lanƙwasuwa. Ya ce wa Mai Agogo ya ajiye sukudireba ya matso, akwai magana. Mai Agogo ya ce in maganar fanka ce a bar ta, ba zai yarda a sake juya ta ba. Tela ya ce ba ta fanka ba ce.

Shago ɗaya suke haya tun gashinsu yana baƙi. Shagon dogo ne siriri kamar lungu, ƙofa ɗaya, babu taga. Tela ya riga shiga, saboda haka shi ke bakin ƙofa inda rana ke faɗowa. Mai Agogo kuwa yana can ƙurya da akwatin gilashinsa da kwan fitila guda, wanda ke lumshewa duk sanda aka jona dutsen guga. Shekara da shekaru yana mita cewa mai neman ƙusa kamar ƙwayar yashi shi aka tura cikin duhu, mai ɗinka wando kuwa, wanda ko ido rufe zai iya, ya tare haske. Tela yana ce masa Makaho. Shi kuma yana ce wa Tela Sai-Gobe, don ba a taɓa zuwa karɓar ɗinki wurinsa an tafi da shi a ranar ba.

"So nake ka zama bakina," in ji Tela.

Mai Agogo ya san inda aka dosa, sai dai ya yi kamar bai gane ba. Ƙarin da ke cinyar Tela ba sabon abu ba ne. Da farko ɗan dunƙule ne, ba zafi ba ƙaiƙayi, har Tela yana fahariya wai tsokar taka feda ce ta fito masa da tsufa. Da ya kai girman lemo aka je asibiti, aka ce ciwon daji ne na tsoka, aka kira masa wani suna, sarkoma, wanda Tela ya ce ya fi dacewa da yadin waje. Aka yanke, aka gasa wurin da na'ura, aka ce a gode Allah. Bai jima ba ya dawo, ya fi na da girma, kuma a hoton ƙarshe an ga ya haura huhu.

Likitar da ke duba shi mace ce, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta gaya masa cewa warkewa dai babu, abin da ya rage shi ne a tsara yadda za a ƙarasa. Ta ce akwai ranar da za ta zo bakinsa ba zai iya magana ba, gara tun yanzu ya faɗi abin da yake so da abin da ba ya so, ya kuma zaɓi wanda zai faɗa a madadinsa.

"Kada a yanke min ƙafa," in ji Tela, yana kallon titi. "Kada a jona ni da inji kamar firji. A ba ni abin rage zafi, a mai da ni ɗakina. Shi ke nan aikin. Ko yaro zai iya riƙewa."

Mai Agogo ya ce ai yana da 'ya'ya. Tela ya ce shi ya haife su, shi ya san su. Babban, wanda ake ce wa Manaja saboda yana kula da wani ɗakin ajiyar kaya, yana son ubansa irin son da ba ya jin magana. Tun rasuwar uwarsu ya ɗauka laifinsa ne da ba a kai ta babban asibiti ba, ya kuwa rantse ba zai sake yin sakaci ba. Auta kuma da an ambaci mutuwa sai ta toshe kunne ta fita. A cikinsu babu wanda zai iya buɗe baki ya ce ya isa, ko da uban nasu ya zama abin tausayi.

"Kai kuwa zuciyarka busasshiya ce," in ji Tela. "Na shaida."

Mai Agogo ya ce shi bare ne, ba jini ba, ba zai shiga tsakanin mutum da 'ya'yansa ba. Nan Tela ya buga tafin hannunsa a kan teburin keken, ya ce ranar da aka fitar da shi daga ɗakinsa, daga ɗakinsa fa, ba daga asibiti ba, Mai Agogo ya jawo akwatinsa nan bakin ƙofa. Wurin ya zama nasa, zai kuma gaya wa mai shagon.

Ran Mai Agogo ya ɓaci. Ya ce in zai yi, don zaman tare zai yi, shi ba ɗan kwangila ba ne. Tela ya nuna masa buhun da ƙafarsa ke kai. Ya ce duk yadin da ke ƙasan buhun nan na 'yan uwa ne da abokan arziki, waɗanda ya ce zai ɗinka musu kyauta, wasu ma masu yadin sun riga shi tafiya. Ya ce a rayuwarsa bai ga aikin kyauta da aka gama a kan lokaci ba, shi kuma wannan aikin ba a yinsa a makare. Don haka dole a biya, kuma dole a karɓa.

Mai Agogo bai so ya duba ba, amma idonsa ya kai kan hasken da ya kwanta a siminti, daga dokin ƙofa har ƙafar keken. Tela ya ga ya duba. Ya miƙa hannu, suka tafa.

Suka je wurin likita tare. Ta dubi Mai Agogo sama da ƙasa, ta tambaye shi ko ya san nauyin abin da ya ɗauka, ya ce ya sani. Ta ce to saura abu ɗaya, shi ne ma babba: Tela ya tara 'ya'yansa ya gaya musu da bakinsa, tun yana da ƙarfin gardama, kada su fara ji a bakin wani. Tela ya ce ba komai, gobe zai gaya musu. Likita ta yarda, don ba ta taɓa kai masa ɗinki ba.

A gaskiya ya gwada sau ɗaya. Mai Agogo yana wurin, a ɗakin Tela, ɗaki mai gado ɗaya da labule shuɗi da tagar da ke kallon igiyar shanya. Tela ya fara da cewa shi dai in lokaci ya yi, sai Manaja ya tare shi, ya ce Baba don Allah a bar irin wannan magana, ya shiga ba da labarin wani da aka ce masa saura kaɗan amma ga shi har yau yana tuƙa mota. Auta ta tashi wai ta bar ruwa a wuta. Tela ya dubi fuskar ɗansa, sai ya ce, "To, ku yi duk abin da ya kamata." Da suka fita ya ce wa Mai Agogo ai ga dalilin da ya ɗauke shi aiki.

Daga nan jikin ya dinga ja baya. Ya daina taka feda, sai yanka da sa maɓalli. Daga baya ya daina yankan, yana zuwa dai ya zauna ya yi wa masu wucewa tsiya. Sai kuma ya daina zuwa. Fatar da ke kan ƙarin ta tsage, wurin ya buɗe, yana ruwa yana wari. Auta ce ke wankewa safe da yamma, ta ɗaure hancinta da gefen ɗankwali, tana ce wa uban mura take yi. Zuwan Mai Agogo na ƙarshe gidan, Tela ya kama masa hannun riga, ya ce yana nan a kan bakansa, kada a yanke kada a jona. Kwana kaɗan bayan haka zazzaɓi ya rufe shi, ya fara kiran Auta da sunan uwarta, Manaja ya sa shi a mota sai asibiti.

Shagon ya zama na Mai Agogo shi kaɗai. Babu mai ce masa Makaho, babu ƙarar keke. Kullum hantsi rana ta shigo ta kwanta a kan keken da aka lulluɓe da tsohon zane, ba ta amfanar kowa. Wata safiya wata 'yar ƙusa ta kuɓuce masa daga hantsaki, ya durƙusa yana laluben ƙasa a duhu har gwiwoyinsa suka yi tsami, bai same ta ba. Da ya miƙe sai ya ga tef ɗin awon Tela a rataye a ƙusa. Ba wani mugun abu ne a ransa ba. Mutum ne mai son sanin ko abu zai shiga kafin a ɗauko shi. Ya auna faɗin akwatinsa, ya zo ya tsuguna gefen keken, ya danne kan tef ɗin a bango da babban yatsa, yana jan sauran zuwa dokin ƙofa.

A haka Manaja ya same shi. Ya zo ɗaukar tabaran ubansa ne da 'yar rediyonsa.

Da Mai Agogo ya yi shiru, da wataƙila abin ya wuce. Amma ya sha jinin jikinsa, ya miƙe da tef a hannu ya shiga bayanin da ba a tambaye shi ba. Ya ce ai babanka ne da kansa ya ce, wato in ta Allah ta kasance, wurin nan, ka gane. Ya faɗi ladan, ya kasa faɗin aikin. Manaja ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Na gane, Kawu." Ya ɗauki rediyo ya fita, ya manta tabaran.

Washegari da rana likita ta aika a kira su. Ofishinta ƙarami ne, kujeru ba su isa ba, Manaja ya tsaya jingine da bango. Da ya ga Mai Agogo ya shigo ya zauna, sai ya dubi likita.

Ta yi bayani dalla-dalla. Ƙarin ya ruɓe, gubar ta shiga jini, shi ya sa Tela ba ya gane mutane. Hanya biyu ce. Ko a cire ƙafar tun daga kwatangwalo, a sa shi a injin numfashi bayan aikin, domin huhunsa ba zai ɗauka shi kaɗai ba. Wannan yana iya ƙara masa ɗan lokaci, yana iya kuma ƙarewa a kan injin, amma ciwon da ke huhu yana nan ko an yanke ko ba a yanke ba. Ko kuma a bar ƙafar, a kashe masa zafi da wari gwargwadon iko, a mai da shi gida a cikin 'yan kwanakin da suka rage. Ta ce shi da kansa ya taɓa gaya mata ta biyun yake so, ya kuma zaɓi wannan bawan Allah ya yi magana a madadinsa.

Auta ta juyo ta dubi Mai Agogo kamar yau ta fara ganinsa. Manaja ya ce shi bai san da wannan ba. Ya ce abin da ya sani, a gabansa, a gaban Auta, a gaban Kawu ma, Baba ya ce su yi duk abin da ya kamata. Mutum yana faɗin magana yana da lafiya, in ya ga abin ido da ido ya sake shawara. Likita ta ce haka ne, ana sakewa, shi ya sa ake sa wakili. Ta juya ga Mai Agogo. Ta ce ba ra'ayinsa take tambaya ba. Shi ya fi kowa zama da mutumin nan: a saninsa, yana nan a kan maganarsa ta farko, ko ya sake?

Amsar tana bakinsa. Rigar da Tela ya kama hannunta ita ce ma a jikinsa. Ya buɗe baki ke nan Manaja ya yi magana, a hankali, cikin ladabi, ba tare da ya ɗago daga bangon ba.

"Kawu, kafin ka amsa. Jiya da ka auna, akwatin zai shiga kuwa?"

Auta ta ce wane akwati. Manaja ya gaya mata a taƙaice, bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya gani da abin da aka gaya masa ba, kuma ba ya bukatar ƙari. Ta sa hannu ta rufe baki.

Wanda bai taɓa zama a irin kujerar nan ba zai ce ai sai ya faɗi gaskiya, kowa ya yi tunanin da ya ga dama. Faɗa da sauƙi. Mai Agogo ya ga yadda za a ba da labarin a layinsu, daga mai shayi har mai faci: tsohon da ya ce a bar abokinsa ya mutu don ya gaji bakin ƙofa. Ya ga yaran nan biyu, waɗanda ya ɗauka a kafaɗa suna ƙanana, za su tsallake titi in sun hango shi. Abin da ya fi wannan muni, shi kansa a lokacin bai iya rantsewa cewa ba ya son wurin. Yana so. Ya daɗe yana so. Sai ya ga kamar hanya ɗaya ce za ta wanke shi, ya faɗi abin da zai hana shi samu.

"Ban sani ba, likita," in ji shi. "Mutum yana sakewa. Ga 'ya'yansa nan."

Likita ta sake tambaya, ya sake ba ta amsar. Ta ce to, tunda haka ne, a shirya tiyata.

Aikin ya yi kyau, haka aka ce. Tela ya yi kwana da kwanaki a ɗakin da ba a shiga sai an cire takalmi, bututu a bakinsa, an ɗaure masa hannuwa da gado don kada ya fizge. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka bisa umarnin injin. Inda ƙafar take, zanen gado ya kwanta shafal. Manaja ba ya zuwa aiki, yana zaune a benci a baranda, duk ma'aikaciyar da ta fito sai ya miƙe. Ya rame, amma fuskarsa ta mutumin da ya sauke nauyi ce. Mai Agogo yana zuwa kullum da yamma ya leƙa ta gilashin ƙofa ya koma.

Da zazzaɓin ya sauka aka zare bututun, aka mai da shi babban ɗaki da robar iska a hanci. Mai Agogo ya same shi ido biyu, yaran sun fita neman magani. Tela ya ce ɗan yatsan ƙafarsa na dama yana masa ƙaiƙayi, a sosa masa. Mai Agogo ya tsaya da hannu a sama. Sai Tela ya kai nasa hannun a hankali, ya bi cikinsa, ya bi kwatangwalo, ya tarar da katifa. Ya bar hannun a wurin. Muryarsa ta dushe saboda bututun, sai an sunkuya ake ji.

"Makaho. Ina kake aka yi haka?"

Mai Agogo ya gaya masa komai, da ƙusar da ta ɓata, da tef, da abin da Manaja ya ce, da abin da shi ya ce. Bai nemi ya gyara labarin ba. Tela ya rufe ido, har Mai Agogo ya zaci barci ya ɗauke shi.

"To ya shiga?"

"Me?"

"Akwatin."

"Ya shiga. Har da ɗan saura."

Tela ya yi wani abu mai kama da dariya, ya zame masa tari, tarin ya daɗe. Da ya lafa ya ce shi ya ɓata cinikin da kansa, ya san halin mutum amma bai san halin mutumin kirki ba. Sannan ya ce a kai shi ɗakinsa, abin da ya rage nasa.

Wannan karon Mai Agogo ya yi magana. Ya tare Manaja a baranda, ya faɗa masa da ƙarfi har masu jinya suna juyowa. Manaja ya shiga ya ji daga bakin uban, ya fito idonsa jawur, ya ce a kai shi. Likita ta ce ba za a sake jona shi ba, ta yi alkawari, amma mutum mai sabon yanka irin wannan ba a ɗaukarsa haka kawai. Sai an samo tukunyar iska, da katifar da ta dace, da ma'aikaciyar da za ta riƙa zuwa gida wankin ciwo. Auta ta tafi ta share ɗakin, ta wanke labulen, ta buɗe taga ya sha iska. Ana cikin neman tukunyar, da la'asar, Tela ya cika a gadon asibiti, bayan labulen roba, mutumin gado na kusa yana faɗa da matarsa a waya a kan makullin gida.

Bayan an share makoki Manaja ya zo da mota ɗaukar keken. Da aka fitar da shi, ya tsaya a tsakiyar shagon ya roƙi Mai Agogo ya yafe masa. Ya ce ya munana masa zato, amma ranar nan a gaban likita ya ga zahiri, ya ga Kawu bai fifita wuri a kan ran ubansu ba. Ya ce ya riga ya yi magana da mai shagon. Kafin Mai Agogo ya ce wani abu, Manaja ya naɗe hannun riga ya kama gefen akwatin gilashin, ya ce Kawu kama can. Mai Agogo ya kama.

Haka cinikin ya tashi. Manaja ya ci riba, domin har gobe yana cewa babu abin da ba su yi wa Baba ba, kuma yana barci. Mai Agogo ya samu bakin ƙofa, ya samu suna mai kyau a layi, duka biyun a kan aikin da bai yi ba, yana kuma zaune a wurin kullum, ba ya iya gaya wa kowa. Tela, wanda ya kawo cinikin ya kuma biya, shi ya tashi babu ƙafa, babu ɗaki.